Karen Da Gashinsa Ba Ya Rufa Masa Asiri

Duk wanda ya yi wayo a zamanin garmaho ba zai manta da hoton nan da ke manne a tsakiyar faifai ba, na wani ɗan farin kare da ya zauna gaban ƙahon garmaho, ya karkata kai gefe guda kamar mai sauraron muhimmin zance. Faya-fayen kamfanin His Master's Voice sun shigo ƙasar nan tun zamanin Turawa, har yara da manya suka san karen ko da ba su san sunansa ba. To, sunansa Nipper. An haife shi a birnin Biristol na Ingila cikin 1884, ya mutu cikin 1895, an kuwa raɗa masa sunan ne saboda halinsa na kai wa baƙi cizo a ƙafa. Wani mai zane, Francis Barraud, ƙanen ubangidansa na fari, shi ya zana hoton bayan mutuwar karen, kamfanin garmaho ya saya cikin 1899. Nipper dai barbarar yanyawa ne, ba a rubuta asalinsa a littafi ba, amma ƙirarsa da farin jikinsa da wannan karkata kai duk sun yi kama da na wani irin kare da Ingilishi ke kira Fokis Teriya mai santsin gashi. Akwai lokacin da irin nan ya zama ɗan lele a gidajen Ingila da Amurka. Yau kuwa sunansa na cikin jerin karnukan da ake fargabar ɓacewarsu a ƙasar da ta haife su.

Sunan kansa ya isa ya bayyana sana'arsa. Kalmar teriya ta samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin ƙasa, watau karen shiga rami ke nan. Fokis kuwa ita ce yanyawar Ingila, ja ce, mai dogon bindi, ta kuma fi wadda aka sani a dazuzzukan Arewa girma. Tun ƙarni na 18 manyan masu gonaki na Ingila suka mai da farautarta wasan sarauta. Da damuna ta wuce sanyi ya kama, sai su hau dawakai, su saki garken manyan karnuka masu bin sawu da hanci, a yi ta sukuwa ana tsallake shinge da rafi. Ita kuwa yanyawa in ta ga uwar bari sai ta faɗa rami, manyan karnukan nan su tsaya a baki suna haushi, ba mai iya shiga. Nan ne ake neman ƙaramin kare mai ƙarfin zuciya, a sake shi ya bi ta cikin duhu, ya tasa ta gaba da haushi har ta gaji ta ɓullo ta wata ƙofa, sukuwa ta ci gaba. Ba a so ya kashe ta a ciki, gama in ya kashe ta wasa ya ƙare. Tsohon hoton irin nan da aka fi ambata shi ne na wani kare mai suna Pitch, mallakar Kanar Thomas Thornton, wanda mai zane Sawrey Gilpin ya zana cikin 1790.

In mai karatu ya dubi karen da wannan aiki a ransa, zai ga babu wata gaɓa a jikinsa da aka bari a banza. Farin ya rinjayi jikinsa ne domin kada manyan karnuka su ɗauke shi yanyawa sa'ad da ya fito daga rami buɗu-buɗu da ƙasa, shi ya sa har yau ba a son ja ko ruwan hanta a fatarsa, sai dai fari tas, ko fari da dabbare-dabbaren baƙi ko ruwan ƙasa. Ƙirjinsa mai zurfi ne amma ba mai faɗi ba, domin mai faɗin ƙirji ya kan maƙale a rami. Kunnuwansa ƙanana ne, sun faɗo gaba sun rufe kafar kunne. Bayansa gajere, ƙafafunsa miƙaƙƙu masu ɗan tsawo, don ya iya bin dawakai yini guda. Bindinsa kuwa a dā a kan yanke shi a bar abin da hannun mutum zai iya kamawa, a fizgo shi daga rami in ya ƙi fitowa. Bisa ƙa'idar da aka rubuta a Ingila, tsayin namiji a kafaɗa ba ya wuce inci 15 da rabi, watau santimita 39, nauyinsa kuma tsakanin laba 16 da 18 ne, tamace ta gaza haka kaɗan.

Maganar ƙa'ida a rubuce ta zo ne tare da nunin karnuka. An yi nuni na fari a birnin Niyukasil cikin 1859, aka haɗa shi da na kaji, kamar dai yadda a kan haɗa dabbobi a nunin amfanin gona. Cikin shekarun 1860 aka fara ware wa Fokis Teriya ajinsa, aka kuma sami karnuka uku da ake lissafa su cikin kakannin irin, watau Old Jock da Old Trap da Old Tartar. Cikin 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club mai riƙe da littafin asalin karnuka, cikin 1876 kuma masu kiwon Fokis Teriya suka kafa tasu ƙungiya, suka zauna suka rubuta siffar da kare zai cika kafin a ce da shi nagari. Abin da suka rubuta bai canja da yawa ba har yau.

Cikin waɗanda suka ga farkon al'amarin akwai wani limamin coci na ƙasar Debon, John Russell, wanda ya rayu daga 1795 zuwa 1883, mutumin da farauta ta shiga jininsa. Yana cikin waɗanda suka kafa Kennel Club, ya kuma yi alƙalancin irin nan a nunin 1874, amma bai kai nasa karnukan gasa ba. Shi abin da ya dame shi shi ne ko kare zai shiga rami, su kuwa masu nuni abin da ya dame su shi ne ko kansa ya yi tsawo yadda ido ke so. Daga nan hanya ta rabu biyu. Karnukan aiki suka ci gaba a hannun mafarauta har suka zama irin da ake kira da sunan limamin, na nuni kuwa aka yi ta gyara su, kai ya ƙara tsawo, wuya ya ƙara kyau, har aka sami karen da in ya tsaya cik sai ka ce sassaƙa shi aka yi.

Ɗaukakarsa mafi girma a Amurka ya same ta. Masu kiwonsa a can sun kafa ƙungiyarsu cikin 1885. Babban nunin Wesminista da ake yi a birnin Niyok ya fara zaɓen zakaran zakaru, watau kare guda da ya fi dukan karnukan da suka hallara, cikin 1907, wadda ta ci kuwa wata karya ce mai santsin gashi, Warren Remedy, mallakar Winthrop Rutherfurd. Ta sake ci cikin 1908, ta kuma ci cikin 1909, har yau babu karen da ya taɓa ci sau uku bayanta. Cikin 1910 wani ɗan irin, Sabine Rarebit, ya karɓa. Shekara huɗu a jere ke nan. Tun daga ranar kuwa, fiye da shekara 110, mai santsin gashi bai sake ɗaukar wannan kambu ba.

Wanda ya ƙwace masa fage ba bare ba ne, ɗan'uwansa ne mai kaushin gashi. Ƙirarsu ɗaya, aikinsu ɗaya, a dā har a kan haɗa su a haifi 'ya'ya, ƙungiyar karnuka ta Amurka ma ba ta raba su iri biyu ba sai cikin 1985. Bambancin kawai shi ne mai kaushi yana da gashi mai tauri kamar waya, da gemu, da gashin ƙafa. Tauraronsa ya fara haske cikin 1910, sa'ad da mutanen Landan suka ga karen Sarki Edward na Bakwai, mai suna Caesar, yana tafe bayan akwatin gawar ubangidansa. Daga baya 'yan silima suka ɗauke shi, kowa ya ce shi yake so. Karen bana, in ji masu magana, shi ke maganin zomon bana. Mai kaushi ya ci Wesminista sau 15, na ƙarshe cikin 2019, babu irin da ya kama ƙafarsa. A nunin Crufts na Ingila ya zama zakaran zakaru cikin 1962 da 1975 da 1978, mai santsi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa ba.

Dalilin wannan ya fi son zuciyar 'yan kallo zurfi, a nan kuma gaskiyar sha'anin nuni take. Gashin mai kaushi ba a aske shi, fige shi ake yi da hannu da 'yar wuƙa, a kwashe makonni ana yi, ƙwararren mai gyara kuwa da wannan gashi yake gini. In bayan kare ya ɗan lotsa, sai ya bar gashi a wurin ya cike. In ƙafa ta ɗan karkace, sai ya daidaita gashin ƙafar har ta fito kamar ginshiƙi. In muƙamuƙi ya yi rauni, gemu ya rufe. Alƙali mai hannu zai gano, amma idon farko ya riga ya ƙoshi. Shi kuwa mai santsi ba shi da riga. Gashinsa gajere ne, kwance lif a jiki, abin da ƙashi da tsoka suka zama shi kowa zai gani daga nesa. Iyakar abin da mai shi zai yi shi ne ya rage gashin wuya da na cinya da na ƙarƙashin bindi da almakashi, ya yanke farce, ya wanke farin ya yi fes. A kan goga masa alli don a tsotse datti, amma dokar Kennel Club ta hana a shiga fage da wani abu a jikin kare da zai canja launi ko taurin gashinsa, saboda haka sai an kakkaɓe shi sarai. Wanda ke son ya ci da mai santsi, tun wajen zaɓen uwa da uba zai ci, ba a kan teburin gyara ba.

Yadda ake gasar ba ta da wuyar ganewa. Ba a shigar da kwikwiyo sai ya cika wata 6. A kan raba aji-aji bisa shekaru da yawan nasarorin baya, maza daban mata daban. Alƙali ya kan fara duban su a jere, sa'an nan a ɗora kowanne bisa tebur ya lalube shi da hannu: ya buɗe baki ya ga ko haƙoran sama sun hau na ƙasa kamar almakashi, ya duba baƙin hanci da ƙananan idanu masu duhu, ya shafa kafaɗa, ya auna ƙirji. Daga nan a sauke shi, mai shi ya tafi da shi ya dawo, domin a tafiya ne ƙarya ke ƙarewa, ƙafar da ke watsawa waje ko gwiwar da ke haɗewa duk sai sun nuna. A Amurka alƙalin teriya ya kan sa a kawo biyu su fuskanci juna, ba don faɗa ba, don dai a ga wanda zai miƙe kan yatsunsa ya kafe ido bai ja da baya ba. A Ingila kare ya kan zama zakara in ya sami takardar nasara uku daga hannun alƙalai uku daban-daban, ɗaya daga ciki kuma bayan ya cika shekara guda. Nunin Crufts, wanda Charles Cruft ya fara da sunansa cikin 1891, ana yin sa a Bamingam tun 1991, karnuka kimanin 20,000 ke hallara, amma kuɗin da zakaran zakaru ke samu ba su taka kara sun karya ba. A Wesminista ko kwabo babu. Suna ake nema, da darajar 'ya'yan da karen zai haifa.

Nuni dai na 'yan kwanaki ne cikin shekara, sauran kwanakin a gida ake yin su, a nan kuma mutane da yawa ke shan mamaki. Shekara 150 na gyaran siffa ba su taɓa halin ba. Wanda ya ga ɗan farin kare mai tsabta a hoto ya kawo shi gida don ya kwanta bisa kujera, mafarauci ya kawo. Karen da aka halitta ya shiga rami shi kaɗai, ya yanke shawara cikin duhu ba tare da ubangida ba, ba ya jiran umurni a kan kome. Yana da saurin gane abu, amma in aka maimaita masa darasi sau biyar sai ya kama wani sha'ani, duka kuwa ba ya ƙara masa kome sai taurin kai. Masu kiwonsa sun san gajeren horo da 'yar lada ta abinci sun fi tsawa aiki. Yana bukatar gudu da wasa na sa'a guda ko fiye kowace rana, in bai samu ba zai nemi aiki da kansa: ya tone lambu, ya yage matashi, ya cika unguwa da haushi. Shingen da zai tsare shi sai mai tsawo, gindinsa kuma a binne, gama in bai tsallake ba zai haƙa ta ƙasa. A bakin titi ba a kwance masa igiya, don in ɓera ko kyanwa ta gilma, kiran duniyar nan ba ya jin sa. Gidan da ke da kaji ko zomaye ba gidansa ba ne. Ga shi kuma ba ya sanin ƙanƙantarsa, ya kan tari karen da ya ninka shi huɗu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wajen jiki kuwa ba shi da wahala. Goga sau ɗaya ko biyu a mako ta ishe shi, ko da yake farin gashin nan na zuba duk shekara, ya kan kuma maƙale a baƙin tufafi kamar ƙaiƙayi. Abinci da awo ake ba shi, domin ɗan ƙarin ƙiba a jikin kare mai laba 17 ba ƙaramin kaya ba ne. Cakulan da albasa da inabi guba ne a gare shi, kamar sauran karnuka. In an kula da shi ya kan kai shekara 12 zuwa 15, watau wanda ya ɗauke shi ya ɗauki alkawari mai tsawo. Dokar Ingila ta hana sayar da kwikwiyo kafin ya cika mako 8, tun Afrilu 2016 kuma wajibi ne a sa wa kowane kare 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gane mai shi.

Akwai cututtukan gado da mai saye ya kamata ya tambaya kafin ya biya. Mafi muni ita ce gocewar madubin cikin ido, inda zaruruwan da ke riƙe da shi ke tsinkewa, galibi bayan kare ya girma, ido ya kumbura da zafi, in ba a kai shi wurin likitan dabbobi da gaggawa ba ya makance. Cikin 2010 masana suka bayyana ƙwayar gadon da ke haddasa ta a karnukan teriya, yanzu kuma da ɗan yawun kare a kan gane mai ɗauke da ita, a kauce wa haɗa biyu masu ita. Akwai kurumta, wadda ke bin fararen karnuka, ana kuwa gwada jin kwikwiyo da na'ura tun yana ɗan makonni. Akwai kuma gocewar ƙoƙon gwiwa. Mai kiwon kirki zai nuna takardun gwaji, ya nuna uwar tare da 'ya'yanta, ya kuma yi wa mai saye tambayoyi har ya gaji. Wanda ya miƙo kwikwiyo a bakin hanya bai tambayi kome ba sai kuɗi, a guje shi.

Sana'ar da aka yi karen dominta ta riga ta tafi. Sikotland ta hana farautar yanyawa da karnuka cikin 2002, Ingila da Wels suka bi da dokar 2004, wadda ta fara aiki cikin Fabrairu 2005. Cikin 2007 aka hana yanke bindi, sai ga karnukan aiki da likita ya shaida, karen da aka yanke wa bayan dokar kuma ba a nuna shi a wurin da 'yan kallo ke biyan kuɗin shiga. Alƙalai da masu kiwo da suka yi shekara da shekaru ba su damu da ƙarshen bindi ba, sai ga shi dole su koyi yadda cikakkensa ya kamata ya tsaya. A Amurka, tun 1994, an ƙago masa wani abu mai kama da tsohon aikin. A kan gina rami da katako, faɗinsa inci 9, tsawonsa ƙafa 30 da kwana uku, a ajiye ɓeraye cikin keji a ƙarshe inda haƙori ba zai kai gare su ba, a saki kare a ga ko zai isa cikin daƙiƙa 30 ya tsaya yana haushi minti guda. Karnuka da yawa da aka haifa a ɗaki, waɗanda ba su taɓa ganin yanyawa ba, su kan shige ba tare da an koya musu ba.

Cikin 2003 Kennel Club ta fara lissafin irin karnukan ƙasar da 'ya'yansu da ake rubutawa a shekara ba su kai 300 ba, mai santsin gashi kuwa yana ciki. A tsakiyar shekarun 1920 a kan rubuta kusan 3,000 a shekara. Cikin 2024 ba su ko kai 100 ba. In aka ɗauka karya na haifar biyar a ciki guda, to uwaye ba su fi 20 ba ke nan a ƙasar baki ɗaya, ubanni kuwa sun fi haka kaɗan, domin kowa zakara yake so ya kai wa karyarsa. Nan haɗarin yake: namiji guda mai farin jini in yana ɗauke da ɓoyayyen ciwo, cikin 'yan shekaru sai a same shi a kowane gida. Tun 2009 ƙungiyar ta daina rubuta 'ya'yan da aka samu tsakanin uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa, amma doka ba ta ƙara yawan karnuka. Sauran aikin yana hannun masu kiwo 'yan ƙalilan, waɗanda tilas wani lokaci su bar zakara su zaɓi namijin da bai taɓa cin kome ba saboda jininsa ya yi nisa da na karyarsu, ko su ɗauki ɗawainiyar kawo sabon jini daga Amurka ko Ostireliya. A Crufts yanzu akwai gasa ta musamman da aka ware wa irin karnukan Ingila da Ailan masu ƙarewa, kowane iri a kan zaɓo masa wakili guda, a cikinsu kuma ake fito da Fokis Teriya mai santsin gashi.